Yadda Za Ka Kushe Fim ɗin da Ya Sa Ka Kuka

Bi matakan nan, ni na tsaya maka, birnin Manila kaf zai ɗauke ka mai sharhin da ba a taɓa ganin hawayensa ba. A wajen Crisanto Macaraeg na koya, mutumin da ya shekara goma yana yi wa fina-finan iyali yankan rago a jarida, kuma da wannan suna yake cin abinci.

1. Zaɓi kujera.
Ta can baya, jikin bango. Ranar Kirsimeti sinima cike take da iyalai, kowa da hankicinsa. Kada ka je da mahaifiyarka. Crisanto ya je da tasa, Nanay Luding, wadda ta yi shekara goma sha shida tana aikatau a Hong Kong. Wai shi gwani.

2. Tanadi uzuri.
Za a zo inda uwar da ke cikin fim ɗin ke tsaye a kantin takalma a ƙasar waje, riƙe da takardar da aka zana mata tafin ƙafar ɗanta, don ta saya masa daidai shi. Idanunka za su ci amanarka. Ɗora wa iyakwandishan laifi.
"Sanyi ne, Nanay," in ji Crisanto.
"Sanyi ne mana," ta ce, ta miƙa masa hankici.

3. Rubuta da zafinsa.
Ba fim ɗin tauraro biyu cikin biyar, kada ka ƙara. Ce sukari ya yi yawa, wato an cika neman ban tausayi. Mai sharhin da ya tausaya ya zama ɗan kallo. Crisanto har da ƙari: "Wace uwa ce za ta adana zanen ƙafa shekara ashirin? Ƙarya ce tsagwaronta."

4. Ɓoye jaridar.
Wahalar banza ce. Maƙwabciya ta riga ta karanta wa mahaifiyarka, sau biyu.

5. Je cin abincin Lahadi.
Sunkuya ka kai bayan hannunta goshinka don gaisuwa, kamar kullum. Crisanto ya sunkuya, sai ya ji takarda a hannun. Ta yi laushi don tsufa, da zanen 'yar ƙafa da fensir.
"Taka ce, ɗana. Kafin kwalin da na aiko daga Hong Kong ya iso, takalmin ya yi maka kaɗan. Wannan tauraro nawa za ka ba ta?"

Togaciya: duk abin da ya same ka a mataki na biyar, babu hannuna a ciki. Abin da na sani kawai, gidan Nanay Luding ba iyakwandishan.