Mai Toshe Talabijin da Laka

Wani ne a wajen Kura, manomin rani, kullum bakinsa shi ya gaji da tumatir, aikin ofis yake so a Kano. Sai yayansa Dalhatu ya dawo daga karatu da kwamfuta, irin wadda ake jonawa da talabijin. Ya koya masa rubuta wani ɗan wasan kwamfuta: gilashin talabijin an yanka shi fangali-fangali, ga ɗan mutum kana danna maɓalli yana tafiya.

Matsala ɗaya ce. In ɗan mutumin ya kai ƙarshen gilashi ba ya tsayawa, sai ya wuce ya ɓace.

Dalhatu ya ce, "Layi guda ka manta a rubutun. Ka gano shi kafin na dawo Juma'a, ni kuma in kai ka Kano."

Gogan naka ya zauna. Ya danna dama, ɗan mutum ya fice. Ya tashi ya leƙa bayan talabijin, ya ɗaga tabarma.

Matarsa Saude ta ce, "Malam, me ya faɗi?"

"Yaron nan na cikin talabijin ne. In kin gan shi a tsakar gida kar ki taka."

Ya kashe ya kunna, ga shi ya dawo. Sai ya yi tunani irin nasa: shi fa tun yana ƙarami, in ruwa ya ɓalle daga fangali ba rubutu ake masa ba. Ya tafi bakin kwata ya cika bokiti da laka, ya ɗora kunya irin ta fangali a gefen dama na gilashin, tsaf da ita.

Ya danna. Ɗan mutum ya shige ƙarƙashin laka.

"Au, gafiya ce ashe. Ta ƙasa yake haƙawa."

Ya ƙara kauri. Ya yaɓe hagu, ya yaɓe sama da ƙasa. Duk inda ɗan mutum ya nutse, a bi shi da laka. Saude ta ce tunda abin ya zama haka, ko ta kawo iri a shuka albasa.

Ranar Juma'a Dalhatu ya shigo, ya tarar da talabijin kamar rumbu, ko ɗigon haske babu. Ya riƙe baki, ransa ya ɓaci.

"Kai da Kano sai dai a kwandon tumatir. Wannan ne gyaran? Ina ɗan mutumin?"

"Yana ciki, Yaya."

"Ta yaya ka sani, ba ka ganinsa?"

"To ka zagaya duk Kura ka tambaya, akwai wanda ya ga fitarsa?"