Katin Sintiri da Katin Sadiku

Ranar wata Talata da ƙarfe bakwai da rabi na safe, wayar Malam Nafi'u ta ɗauki ƙara yana tsakiyar shan koko. Ya duba, ya ajiye kofin, ya ce, "Yau Sintiri ke da allura." Matarsa Barira, wadda ke shara goye da ɗansu Sadiku, ta tsaya da tsintsiya a hannu tana kallonsa.

Sintiri kwikwiyo ne irin na turawa, wanda Malam ya samo don in ya girma ya yi masa gadin gidan kajinsa da ke bayan garin Funtuwa. Tun ranar da likitan dabbobi ya buɗe masa kati, Malam ya riƙe katin nan tamkar takardar fili. A leda yake, cikin aljihun mota. Allurar sati shida an yi, ta sati tara an yi, maganin tsutsar ciki bai taɓa wuce ranarsa ba. Ko karnukan unguwa ba a barin Sintiri ya shinshina, wai sai rigakafinsa ya kammala.

Shi kuwa Sadiku ya cika wata tara tun sati uku da suka wuce, allurar ƙyanda na jiransa, ga shi cutar ta riga ta kwantar da yara biyu a layinsu. Asibitin yara ranar Talata kawai suke allura. Malam kuma ya kafa doka cewa matarsa ba za ta shiga adaidaita da jariri ba, shi zai kai su da kansa. Talatar farko abincin kaji ya ƙare. Ta biyu aka yi rasuwa a Bakori. Ta uku ya ce ya manta.

"Malam, yau fa Talata," in ji Barira.

"Na sani. Amma ta yau ita ce ta haukan kare, ba a wasa da ita. Ta Sadiku sai mako mai zuwa, in Allah ya yarda."

Barira ba ta yi musu ba. Ta jingine tsintsiya, ta ce, "To bari in raka ka, in ga wurin nan da kake ta yabo."

Malam ya ji daɗi har cikin ransa. Ga shi dai yau uwargida ta fara sanin darajar Sintiri. Duk tsawon hanya yana yi mata karatu: cuta ba ta sallama, rigakafi ya fi magani, wanda ya tsallake allura ɗaya ya ɓata na baya. Ita dai tana cewa, "Haka ne, Malam."

A asibitin dabbobi suka tarar da layi: wani dattijo da ragonsa mai tari, wata mata da akuya, sai mai shanu da ya zo karɓar magani. Da aka zo kansu, likita ya buɗe katin Sintiri, ya gyaɗa kai, ya ɗaga shi sama don kowa ya gani.

"Ku dubi kati. Ko kwana ɗaya bai taɓa saɓawa ba. Da kowa kamar Malam Nafi'u yake, da mun huta."

Malam ya gyara zaman hularsa. Aka yi wa Sintiri allura, ya yi ɗan kuka, Malam ya rungume shi yana lallashi.

Likita ya ce, "Sai na gaba."

Barira ta kwance goyo, ta ɗora Sadiku a kan teburin, ta zaro katinsa daga jaka ta miƙa. Yaron ya kama rarrafe yana neman igiyar Sintiri.

Likita ya duba katin, ya dube ta. "Hajiya, nan fa asibitin dabbobi ne."

"Na sani, likita. Nan ne kaɗai ubansa ba ya saɓa rana, shi ya sa nake so a dawo da shi nan. Kuma ka gani da idonka, da ƙafa huɗu yake tafiya. Haƙoransa biyu, yana cizo."

Dattijon mai rago ya rufe baki da hannun riga. Mai akuya kuwa ko ɓoye dariyarta ba ta yi ba. Malam ya matso kusa da matarsa, ya yi ƙasa da murya.

"Barira, a gaban jama'a? Ɗan nawa za ki mayar kare?"

Ta ce, "Wane shi, Malam. Matsayin dai muke nema masa."