Garkuwar Tawaga

Allah ya ja zamanin Barde, namijin duniya, wanda ko ƙwarzane bai taɓa samu a fagen fama ba! A ranakun aiki dai mai kula da sito ne, yana ƙirga kwalaye yana hura hanci. Amma ranar Asabar da la'asar, da an share teburin cin abinci an shimfiɗa taswira, sai ya rikiɗe ya zama sadauki mai sulke.

Wasan ba wuya. Kowa ya zaɓi wanda zai zama a cikin labari, ya ɗora ɗan mutum-mutuminsa kan taswira, ƙanin matar Barde ya riƙa ƙago dazuzzuka da dodanni da baki, ƙwayar ludo ta raba gardama. Tela, maƙwabcinsu, shi ne maharbi. Matar Barde, da aka jawo don cike gurbi, ita ce mai magani. Shi kuwa gogan naka mayaƙi ne, aikinsa ɗaya tak: ya tsaya gaba ya sha duka don na baya su tsira.

To, ita dai tun da ta fara zama a teburin nan ba ta taɓa ganin ƙeyar mayaƙin a gabanta ba. Kullum ɗan mutum-mutuminsa, wanda ya sa aka shafe da ruwan zinare, yana can laɓe bayan jakin da ke ɗaukar wa tawaga kaya.

"Ku ba ku san dabarar yaƙi ba," in ji shi. "Babban kwamanda baya yake tsayawa, don ya ga fili sosai."

Fili kam ya gani. Yana kallo aka kashe maharbin tela na fari, aka ba shi wani, yana kallo aka cinye na biyun. Kura da shan bugu, gardi da karɓar tafi.

Da ƙanin ya sanar cewa a ƙarshen labari za a naɗa wanda ya fi kare 'yan'uwansa Garkuwar Tawaga, Barde bai jira ba. Ya sa tela ya ɗinka masa hula da sarautar rubuce a goshi, ya riƙa zuwa sito da ita, har masu dako suna masa jinjina suna ƙunshe dariya.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Labari ya kawo su wata siririyar gada, dodo ya tare ƙarshenta. Barde ya miƙe, ya gyara hula, ya bugi tebur har ruwa ya zube a kan taswira.

"Yau za a san maza! Ni ne guguwa mai tuge kuka! Wanda ya haifu ya biyo ni!"

"Madalla, Yaya," in ji ƙanin. "Ina mayaƙinka zai tsaya?"

"Zai ɗan koma baya tukuna, ya duba ko an yi mana kwanton ɓauna."

Ya jefa ƙwaya, ta ba shi ɗaya. Sadauki ya juya da gudu, ya yi tuntuɓe da dutse, ya kurje gwiwa. Jaki kuwa, da taurin kansa na gado, ya toge a tsakiyar gada ya ƙi motsi. Dodo ya doke shi, ya sake dukansa, tela na sakin kibiya ta tsakanin kunnuwansa. Da jakin zai faɗi, da an gama da kowa. Ga shi kwalbar magani ɗaya ta rage a hannun matar.

"Ke, miƙo maganin nan!" Barde ya daka tsawa. "Kina kallo jinin sadauki na zuba?"

Ta dubi gumin da ke tsattsafowa ƙarƙashin hular. Ta tuna maharba biyu da suka tafi a banza.

"Baban yara, tofa mata yawu, za ta warke," ta ce. "Na ba jaki."

Jaki ya wartsake, kibiyar tela ta sami dodo a ido. Ƙanin ya yi gyaran murya, ya ce ai sarauta ba ta buƙatar shawara, kowa ya ga wanda ya tsaya gaba. Aka naɗa jaki Garkuwar Tawaga.

Barde ya buɗe baki zai kawo dabarar yaƙi, tela ya miƙo hannu cikin ladabi.

"Ranka ya daɗe, kawo hular in huda mata wurin kunnuwa."