Turancin Ranar Talata

"Ina kwana, amar..."

"Ban kwana ba! Tashi daga gabana, ragon miji."

Haka Kaka ta katse gaisuwar ƙanena tun bai gama durƙusawa ba. Ina gefe ina guga, ni ma raina a ɓace yake. Yaron nan ya cinye duk darussan injiniya, sai Turancin dole da kwaleji ke ɗora wa kowane ɗalibi ya kayar da shi. Ba zai fita tare da 'yan ajinsu ba, sai baɗi. Ga Kaka ta riga ta ɗinka sabon kaya na ranar yaye su, ta shelanta wa duk layinmu.

"Haba amarya, da sassafe?"

"Amaryar wa? Na fasa auren. Ƙato kamarka, Turanci ya yi maka dukan kawo wuƙa!"

"Ke da ko sunan maganinki ba ki iya faɗa, sai dai 'ɗan jan nan'?"

"Ni aka kai makaranta? Da ni ce, wallahi da yanzu ni ke koya wa malamin naku."

"Da wane haƙorin? Turanci sai da haƙori, tsohuwa."

"Ungo naka, ɗan nema! Kai mai cikakken baki me ka tsinana?"

"Gada zan gina. Ina ruwan siminti da Turanci?"

"Gadar da ka gina ko akuya ba zan bari ta hau ba."

"Ni fa ban faɗi jarrabawa ba. Hana ni shiga suka yi."

"Saboda muninka?"

"Saboda fashin aji."

Kaka ta buga sandarta a ƙasa har kwalaben magani suka yi ƙara a kan tebur.

"Fashi! Gidan uban wa kake zuwa? Wace mai tsautsayin ce ta ɗauke maka hankali?"

"Wata rigimammiya ce, ga faɗa ga ciwon gwiwa."

"Kai ta kotu ta biya ni ɗinkina!"

Haƙurina ya ƙare. Na dangwarar da dutsen guga.

"Kaka, ajin nan ranar Talata da safe ake yin sa."

Talata da safe ranar asibitinta ce. Sau nawa na ce ni zan kai ta, tana cewa ba mai riƙe mata hannu a layin likita sai mijinta? Shi kuma sakaran bai taɓa buɗe baki ya ce yana da aji ba.

Na zaci za ta yi sanyi. Ina! Sai ta kai masa sanda a ƙafa.

"Bakinka ciwo yake? Ka zauna kana ƙirga min ƙwayoyi, karatunka na lalacewa! Wa ya ce maka ina son mijin da ba shi da wayo?"

"Ke kika nace."

"In na ce ka faɗa rijiya fa?"

"Sai in tambaya ko ranar Talata ce."

Dariya ta ƙwace mata, idonta kuma ya cika da ƙwalla. Ta jawo sabon kayan ta wurgo min.

"Ke, ninke min wannan ki sa a akwati. Daga yau ke za ki riƙa kai ni, duk da hannunki kamar katako." Ta juya gare shi. "Kai kuma ka ja min aiki. Na so in ga bikin nan bana in huta, yanzu dole in kai baɗi da raina."

"Kin yi alkawari?"

"Ka ci Turancin tukuna. Auren yana nan."