Talatar Da Ta Zo Ranar Litinin

Ko da zan manta da ranar da aka miƙa mini takardar digiri, ba zan taɓa mantawa ba da wata Litinin da na tsaya a tsakiyar fili a bayan garin Ajingi, cikin farar shadda, shanu sun kewaye ni ta ko'ina, masu shanun kuma suna kallona kamar wanda aka kama da akuyar maƙwabta. Har yau idan na tuna sai kunya ta rufe ni.

Ni ɗan Gaya ne, sana'ata rubuta manhajar kwamfuta a wani kamfani a Kano (idan na ce kamfani kada ka hango bene, ɗaki biyu ne da janareto mai tari). A lokacin ina neman auren Binta, 'yar wani dattijo mai shanu a wani ƙauye kusa da Ajingi, wanda kowa ke kira Baffa Buba. Binta ta yarda, iyayena sun yarda, Baffa ne kaɗai ya ƙi cewa uffan. Ba ƙina yake yi ba, sana'ata ce ta ƙi shiga kansa. Duk zuwan da zan yi gaishe shi sai ya ce, "To yaro, me kake sayarwa?" In ce ba na sayar da komai. "To me kake gyarawa?" In fara bayani, in yi ta bayani, shi kuma ya yi ta kallon akuyoyi. Daga ƙarshe ya gaya wa kawuna ƙarara cewa ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da ba a iya ganin aikinsa da ido ba.

Ana cikin haka sai aiki ya zo mana kamar an aiko shi domina. Wata ƙungiyar makiyaya ta shiyyarmu tana da likitan dabbobi da ke zagayowa yana yi wa shanu allurar rigakafi, kuma kullum matsalarsu sanar da mutane ranar zuwansa. Suka ce mu haɗa musu abin da zai riƙa tura saƙo ta waya. A zuba lambobin mutane da ranakun zuwan likita a rumbun bayanai, manhaja ta ɗauko ranar, ta tura wa kowa. Da na ga sunan ƙauyen su Baffa a ciki, sai da na miƙe tsaye don murna. Na ce wa raina, yau ga aikin da za a gani da ido.

Ni ne ma na yi ta kafewa a ofis cewa kada a saka kwanan wata a saƙon. Na ce mutanenmu ba ruwansu da goma ga wata ko sha biyu ga wata, da sunan rana suke aiki, ka ce musu Talata mai zuwa, shi ke nan sun riƙe. Aka yaba mini, aka ce na san jama'a. Na yi ta fankama har aka tashi.

A aikinmu akwai wani abu da muke kira rigireshan. Wasu gwaje-gwaje ne da muke ajiyewa, duk lokacin da aka taɓa manhaja sai a sake bi ta kansu, don a tabbatar abin da yake aiki jiya bai lalace yau ba. Wanda ya yi daidai ya nuna kore, wanda ya kauce ya nuna ja. A laftof ɗina mai Windows komai kore shar. Da muka ɗora manhajar a kan babbar kwamfutar da za ta riƙa tura saƙon, wadda take aiki da wani tsari daban mai suna Linux, sai guda ɗaya ya yi ja. Gwajin yana jiran a ce masa Talata, ita kuma ta ce Litinin.

Shugabarmu, Injiniya Rabi, mace ce da ba ta son ganin ja ko a tufafi. Ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Wannan fa?"

Na ce, "Anti, a nawa kore ne. Rigimar Linux ce kawai, kin san halinta."

Ta ce, "Ka duba shi kafin mu saki." Ta ɗauki jakarta ta tafi suna.

Na kuwa duba shi. Na zuba masa ido sosai, shi ma ya zuba mini. Na sake gwadawa a laftof ɗina, kore. Sai na yanke hukunci irin na mai gaggawar aure: tunda ni da laftof ɗina mun yarda, wannan na'ura ita ce bare. Na sa wa gwajin alamar a tsallake shi. Nan take allo ya koma kore daga sama har ƙasa, na ji sanyi a raina (irin sanyin da mutum ke ji idan ya liƙe fitilar gargaɗin mota da salatif).

Ranar Juma'a bayan masallaci na wuce wajen Baffa. Na zauna a gefen tabarma, na gyara murya na ce, "Baffa, gobe wani saƙo zai shigo wayarka kan allurar shanu. To wannan saƙon, ni ne na yi shi. Shi ne aikina."

Ya ɗago ya kalle ni da kyau, karon farko tun da nake zuwa gidan. "Kai ne za ka gaya wa duk mutanen nan ranar?"

"Ni ne, Baffa. A lokaci guda."

Ya jinjina kai ya ce, "To, madalla." Na fito ina tafiya kamar ƙasa ba ta isa in taka ta ba.

Saƙo ya fita ranar Asabar. Ni ban gan shi ba, don ban saka lambata a ciki ba, tunda ko kaza ba ni da ita. Ranar Litinin da safe ina gida a Gaya, ina shan koko da ƙosai hankali kwance, farar shaddata na rataye an goge ta saboda gobe Talata, sai ga wayar Binta.

"Kana ina? Baffa ya fita da shanu tun asuba, ya ce kai ma kana can."

Abin kunyar shi ne, ban fara zargin manhajar ba. Kaina na zarga. Na ce wayyo, ashe ni na rikita ranar. Na zura shadda, na kafa hula, na tare ɗan acaɓa. Sai da muka yi nisa a hanyar Ajingi tunani ya zo mini in kira likita in ce ya yi mini uzuri na makara. Ya ce, "Makara kuma? Ai gobe ne. Yau ina wata shiyyar, allurarku ma tana firji a Kano."

A nan ne wannan jan gwajin ya faɗo mini a rai. Ɗan acaɓan ya ce, "Yallaɓai, lafiya? Ka daina matse mini ciki."

Tun daga nesa na hango su. Shanu ne iya ganin ido, farare da jajaye, wasu daga ƙauyukan Ajingi, wasu tun daga wajen Kademi aka koro su da sanyin asuba. Damina ce, gonakin gero da gyaɗa sun kewaye filin, don haka kowa na riƙe da sanda yana tare shanunsa kada su shiga. Na so in ce wa ɗan acaɓan ya juya, wallahi na so. Kafin in buɗe baki Baffa ya hango ni.

"Ga shi nan!" Ya ɗaga sanda sama. "Ga mai saƙon! Zo nan, ɗana."

Ɗana. Bai taɓa kirana haka ba sai ranar.

Ya kama hannuna ya ja ni tsakiyar dattawa, ya tsayar da ni gaban wani dogon mutum mai suna Malam Sale. Ashe tun safe suke musu. Malam Sale ya ce shi da kunnensa ya ji likita ya ce Talata. Baffa ya ce ina, saƙo ya ce Litinin, kuma wanda ya yi saƙon yaron gidansa ne, ɗan boko, ba ya kuskure. Da wannan maganar ya taso rabin mutanen da ke wurin.

"Gaya masa," in ji Baffa. "Yaushe likitan zai iso?"

Na nemi magana mai hankali ko guda ɗaya a cikin kaina na rasa. Abin da ya fito daga bakina, a gaban surukin da nake nema da dattawan ƙauyuka, shi ne:

"Wallahi Baffa, a kwamfutata Talata ce."

Baffa ya saki hannuna a hankali. Malam Sale ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya ce, "To ai da sauƙi. Buɗe kwamfutar mu kora su ciki su jira likitan."

Dariya ta ɓarke. Har waɗanda suka fi kowa jin haushi sai da suka dara. Baffa ne kaɗai bai yi ba, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo, don na san ba ni kaɗai na ji kunya ba, shi na jawo wa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata.

Na koma gefe na kira Injiniya Rabi. Ba ta yi faɗa ba (ta adana shi sai da na koma ofis, ta ba ni cikakke). Kafin in gama share gumi ta gano abin. Rumbun bayanai ba sunan rana yake ba manhajata ba, lamba yake ba ta, ni kuma na rubuta cewa ɗaya Lahadi, biyu Litinin, uku Talata. Laftof ɗina ɗan gwanjo ne, da saitin yankin Amurka ya zo, inda ake fara ƙirga mako daga Lahadi. Ita kuwa babbar kwamfutar, wanda ya kafa ta saitin Birtaniya ya zaɓa, inda mako ke farawa daga Litinin. A wajenta Talata ita ce ta biyu. Ta ce biyu, ni kuma na fassara wa jama'a Litinin. Ba wadda ta yi ƙarya a cikinsu. Gwajin da ya taso ya gaya mini gaskiya kuwa, ni na rufe masa baki.

Na nesa suka ce ba za su kora dabbobi su koma su sake dawowa gobe ba, a nan za su kwana. Sai batun ruwa da tsaron gonakin mutane ya taso. Ba wanda ya ce in tsaya, ba kuma wanda ya ce in tafi. Na tuɓe hula na karɓi sanda a hannun wani. Wunin ranar nan na yi shi ina jan guga a rijiya, ina bin wata jar saniya da ta rantse sai ta ɗanɗana gyaɗar mutane. Na faɗi a caɓi ya fi a ƙirga. Hannuwan da ba su san komai ba sai danna madannai suka yi bororo, suka fashe. Kafin la'asar shaddar nan ta koma kalar da ba ta da suna. Na bi mutane ɗaya bayan ɗaya ina ba su haƙuri, wasu su ce ba komai, wasu su tambaye ni yau wace rana ce a wajena.

Washegari likita ya zo, aka yi allura lafiya. Baffa kuwa ko kallo ban ishe shi ba. Na koma Kano na cire alamar tsallaken nan, na gyara manhajar ta daina dogara da saitin kowace na'ura, na zauna ina jiran a aiko mini cewa maganar Binta ta mutu.

Da kawuna ya je jin ta bakin Baffa, ya dawo yana dariya tun daga zaure. Wai Baffa ya ce, "Aikinsa dai na gani da idona, kuma ban ga abin yabo ba. Amma yaron ya yi ɓarna ya tsaya, bai gudu ba. Ku turo a sa rana." Sai dai ya kafa sharaɗi guda, kuma ya sa kawu ya maimaita don kada a manta: duk wanda za a gayyata ɗaurin auren, a aika mutum ya gaya masa da baki, kada a bar ango ya sanar da kowa.

Tun daga lokacin, idan gwaji ya yi ja a wata na'ura alhali a tawa kore ne, ba na cewa rigimarta ce. Kujera nake ja in zauna in saurare ta da ladabi, don na riga na san nauyin guga.