Sunan da Kulu Ba Ta Kira

"Lafiya lau. Ya ƙarin haƙuri, tsohuwar matata?"

"Da godiya. Shigo, angon da ko hula bai iya karyawa ba."

Kwana arba'in ke nan da rasuwar Malam Ɗahiru, Hajiya Kulu na takaba a unguwar Madabo. Abin da ke ɗebe mata kewa shi ne karatun Malam da jikanta Nazeer ya ɗauka a bidiyo, ya adana a wata tsohuwar kwamfuta mai manhajar Linux, wadda ake shiga da sunan Malam. Jibi Nazeer zai koma aiki Fatakwal, kuma in ya tafi babu mai buɗe mata.

"Wannan akwatin halinka ya ɗauko," in ji ta. "Ka kunna shi, ya tsare ka da baƙin allo yana tambayoyi."

"Haruffa shida ne fa. Ki rubuta sunan mai ita, ki sa lambar sirri, ki ba ta umarni ta kawo hotuna. Ko tsufa ya cinye yaƙi da jahilcin da kike cika mana baki da shi?"

"Ni na karanta wa uwarka katin asibiti ran da aka haifo ka, kai kamar tulu."

"To me ya hana ki?"

Kulu ta sunkuyar da kai, tana murza carbi. "Shekara hamsin da biyu ban taɓa kiran sunansa ba. Sai yanzu da ƙasa ta rufe masa ido zan zauna ina danna shi da yatsa?"

Tausayi ya kama Nazeer. Ya jawo kwamfutar, ya buɗe wani fayil, ya gyara layi biyu yadda za ta riƙa shiga da kanta ta kawo hotunan.

"Ko in buɗe miki sabon suna, Kulu Gangariya?"

"Kul. Bar masa nasa. Ɗakinsa ne."

Ya kashe, ya tura mata. "Danna nan kawai."

Ta danna. Babu tambaya, sai ga Malam a kan buzunsa ya cika allon, muryarsa ta fara bisimilla. Kulu ta gyara mayafi kamar yadda takan yi in ya yi sallama.

Ta daɗe kafin ta miƙa hannu ƙarƙashin matashi, ta zaro hular Malam. Ta yi dariya, hawaye na zuba.

"Ungo, ka ci nasara. Amma kar ka sa ta a gabansa, kanka bai kai ba."