Kek Ɗin Farfesan Fulawa Ya Ƙi Tashi

Duk wanda ya ce ya zauna a unguwar Fadikpe ta Minna amma bai san Shef Josiah ba, to wucewa ya yi, bai zauna ba. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwa, shi kuma bai taɓa zaluntar jama'a da ɓoye ta ba. A shekarar 2009 ya je Abuja kwas ɗin sati biyu a wani otal, ya dawo da satifiket cikin gilashi da doguwar farar hula wadda ba ta shiga ƙofar kicin sai ya sunkuya. Tun daga ranar ya daina yin kek, ya koma "gudanar da bincike". 'Yan unguwa suka naɗa shi Farfesan Fulawa, ya karɓi sarautar hannu bibbiyu, don gwano ba ya jin warin jikinsa.

Matarsa Helen ta saba, ba ta tanka masa. Sai da maganar ta shafi mahaifinta ta shiga damuwa.

Baba Yona tsohon hedimasta ne a Chanchaga, zai cika shekara saba'in, za a yi godiya a coci ranar Lahadi. Shekara shida ke nan likita ya hana shi duk abin da aka yi da alkama. Ko loma ɗaya ya ci, sai ya kwana uku yana murƙususu. Ga shi tsohon yana son kek kamar ransa. A wajen biki in an zo yankawa, sai ya kau da kai yana gyara hula, Helen kuwa tana gani, abin yana ci mata rai.

Gaban dangin matarsa kaf Farfesa ya miƙe ya bugi ƙirji.

"Baba, ka kwantar da hankalinka. Kek ba fulawa ba ce, kek ilimi ne. Zan yi maka wanda babu ƙwayar alkama a ciki, ka ci har ka ture."

Tsohon ya yi murmushin da Helen ta daɗe ba ta gani ba, ya koma gida yana ba kowa labari.

Ranar Litinin aka fara bincike. Farfesa ya kai shinkafa inji aka niƙo, ya kwaɓa, ya gasa. Abin da ya fito ya yi kama da bulon da aka yi wa rowar siminti: ana sa wuƙa ya zube, a baki kuma sai ƙas-ƙas. Laifin mai inji ne, in ji Farfesa, mutumin da bai taɓa taka Abuja ba.

Ranar Laraba ya ƙara garin rogo don ya riƙe. Ya riƙe kuwa. Joy, 'yarsu, ta ja yanki ɗaya ya biyo ta kamar danƙo. Wannan karon, in ji shi, kajin Minna ne ba su iya yin ƙwai ba.

Ranar Alhamis ya zuba bakin hoda, mai sa kek ya tashi, ninki uku. Kek ya taso ya yi tozo, Farfesa ya kira maƙwabta su zo su ga kimiyya. Ya buɗe murfi ya yi bayani, ya rufe, wani ya shigo a makare, ya sake buɗewa ya maimaita. Kafin ya kai ƙarshen jawabi tsakiyar ta lotsa, ta yi ramin da kaza za ta iya kwanci a ciki. Nna Kafayatu, 'yar Bida mai tuyar masa a bakin layi, ta leƙa ta girgiza kai.

"Baban Joy, shinkafa ba ya son gaggawa. Ka jiƙa shi, ka niƙa da ruwa, ka sa dafaffe kaɗan. Ka bar shi ya huta, shi da kansa zai tashi."

Farfesa ya gyara hula ya dube ta da tausayi.

"Nna, ki tsaya a tandarki. A Abuja ba a barin kwaɓi ya kwana. Wannan aikin masu takarda ne."

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Helen ta ƙirga kwanaki ta ga saura biyu, ta tuna murmushin mahaifinta. Ranar Juma'a ta jiƙa shinkafa, ta niƙa, ta bar ƙullun ya kwana, ba ta gaya wa kowa ba. Ranar Asabar, da Farfesa ya tafi kasuwa neman wani sinadarin da shi kaɗai ya san sunansa, ta ɗauki ƙullunta da ƙwai da bota da sukari ta shiga gidan Nna Kafayatu. Suka buga farin ƙwai har hannu ya gaji, suka juye cikin ƙullun da ya riga ya kumbura, suka ɗora gwangwani kan yashi mai zafi a cikin tukunya. Nna ta aza dutse kan murfi, ta ce duk wanda ya buɗe ita da shi ne.

Kek ya fito da laushi, ya tashi, ya tsaya da ƙafarsa. Farfesa ya dawo hannu wofi ya tarar da shi kan tebur. Ya latsa, ya sunsuna, ya zagaya shi sau biyu. Bai yi tambaya ba, manya ba sa tambaya. Ya ɗauko kayan ado ya lulluɓe shi da farin sukari, ya rubuta sunan Baba Yona ƙanana, nasa sunan manya a ƙasa.

Ranar Lahadi bayan sujada aka taru a harabar coci. Farfesa ya karɓe makirufo daga hannun mai gabatarwa.

"Jama'a, abin da kuke gani ɗin nan sati guda na bincike ne. Sirrin Turawa ne, ba kowane kai ke ɗaukarsa ba. Kada wata ta je gida ta ce za ta gwada."

Aka tafa. Baba Yona ya yanka, ya kai baki. Ya tauna a hankali, ya lumshe ido, ya miƙa faranti a ƙara masa. Helen ta sunkuyar da kai tana share hawaye da bakin gyale, don daɗi ya cika ta. Farfesa ya matso ya kara wa surukinsa makirufo a baki, duniya ta ji shaida.

Tsohon ya haɗiye, ya lashi yatsa, ya dafa kafaɗarsa.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Na ci, na ji daɗi. Amma Josiah, ashe har Abuja ka je ka koyo tuyar masa?"